Gurbin Sunan Innarka

Ƙofar 'Yandaka, Katsina.

Zuwa ga ɗana Bishir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Abuja lami lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da na direba mai gaggawa, da na abokin tafiya, da na mutumin da zai yi maka dariya alhali yana auna ka da ido. Amin. Na cusa ta a aljihun gefe na jakarka, inda kake sa cajar waya, don na san can ne kaɗai za ka kai hannu ba sai an tuna maka ba.

Kada ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ya raka ka har tasha. Akwai maganar da ba na iya faɗa ina kallon idonka, in kuma na fara ta a waya za ka yi ta ce mani "To Baba, to Baba," hankalinka yana wani wuri. Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Maganar waƙar Innarka ce, "Tashin Ruga", wadda ka ɗauka ka sa mata kiɗan zamani, ka ce ita za ku fara saki a manhajojin sauraren waƙa. Tun da aka sa ranar tafiyarka abu ɗaya ne ya hana ni sukuni: sunan wa za a rubuta a gurbin wanda ya tsara waƙar nan. Kai kana ganin ƙaramin abu ne, cike fom ne kawai. Ni kuwa a wurin cike takarda aka gama da ni, ina zaune ina murmushi.

Bari in fara da mutumin naka, Tijjani, mai kamfanin da ya ɗauke ka. Ban yarda da shi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ranar da ya zo gaishe ni ya durƙusa har ƙasa, ya daɗe bai tashi ba, ya tambayi lafiyar kowa, saura kaɗan ya gaida akuyar da ke ɗaure a zaure. Gaisuwa ba laifi ba ce, mu ma da ita aka rene mu. Amma na lura duk abin da na tambaye shi, wani abin daban yake amsa mani. Na ce da sunan wa za a buɗe asusun da za a ɗora waƙoƙin, ya ce ai yana da mutane har ƙasar waje. Na ce wa zai riƙe lambar sirri, ya hau yabon muryarka. Da na matsa sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Shi dai ya yi waƙa, duk wani aikin takarda ku bar mana." Kai kuma kana gefe da baƙin tabarau, a cikin zauren da ko rana ba ta shiga, kana gyaɗa kai. Wataƙila mutumin kirki ne, Allah Ya yafe mani in na zalunce shi. Sai dai wannan magana tasa na taɓa jin irinta sak daga bakin marigayi Alhaji Iro mai situdiyo, lokacin kana goye.

Ka tashi ka iske ni ina gyaran rediyo da sayar da caja, ana ce maka ubanka ya taɓa yin waƙa. Kaset ɗaya na yi da ya yi suna, mai waƙa shida, kuma cikin shidan ɗaya ce ta ja sauran, "Jar Karsana". An yi lokacin da ba za ka shiga motar Batagarawa ba ka ji ta ba. Alhaji Iro ne ya ɗauki muryata a situdiyonsa, shi ya buga kaset, shi ya raba wa 'yan kasuwa. Ubangidana ne, in ya yi tari tun daga bakin ƙofa nake cewa sannu. Duk takardar da ya miƙo mani sa hannu nake yi, ban taɓa karantawa ba, don a wurinmu ka tsaya karanta takardar da babba ya miƙo maka kamar ka kira shi ɓarawo ne a gaban mutane. Haka na yi ta sa hannu har muka rabu.

Ga abin da ba ka sani ba. Shekara biyu da suka wuce, da na ga kowa a waya yake jin waƙa, sai raina ya biya. Na ɗauki kaset ɗin da faifan sidi guda da ya rage mani, na tafi wani shagon kwamfuta can hanyar GRA, nesa da unguwa don kada wani ya gan ni ya ce tsoho ya koma gidan jiya. Wata malama ce mai shagon, mai haƙuri, kuma ta san aikin. Ita ta bayyana mani cewa ba kai tsaye ake kai waƙa manhaja ba. Akwai kamfanonin da ke tsakani, su ke karɓa, su duba, su rarraba, kuma suna da ƙa'idojin da ba sa ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Sau uku muna turawa, sau uku ana maido mana. Duk abin da zan faɗa maka a nan, a kan bencin shagon nan na koye shi ina share zufa.

Da hoton bango aka fara kama mu. Ka san bangon kaset ɗin, yana nan a akwatina. A zamaninmu bango ba na mawaƙi ba ne, na wanda ya ɗauki nauyinsa ne. Alhaji Iro ne a tsakiya da babbar riga, ya cinye rabin takardar. Sama an rubuta sadaukarwa ga wani ɗan kasuwa. Gefe ga hoton mota, ba tawa ba, ba ta Alhaji ba, mun iske ta ne a ajiye gaban wani ofis muka ɗauka. Ƙasa ga lambobin waya uku, da kwatancen shago, da Allah Ya isa ga duk wanda ya kwafa. Ni kuwa ina can ƙuryar ƙasa ta hagu, kaina bai fi ƙwayar goro ba. Kuma ni da bakina na ce a yi haka. Mai zanen ya so ya ƙara mani girma, na ce a'a, ina aka taɓa ganin yaro ya fi ubangidansa girma a takarda.

Malamar ta karanto mani dalilan da aka maido shi, ɗaya bayan ɗaya. Ba a son lambar waya, ba a son kwatancen shago, ba a son talla, ba a son hoton da ya dushe, ba a son fuskar wani ko kayan wani ba da izininsa ba. Kuma dole tsawo da faɗi su zama daidai. Wato duk abin da muka ɗauka ado ne, a can shara ne. Na ji haushi, na ce waɗannan mutane ba su san girmamawa ba. Daga baya na gane ƙa'idar nan da ta zo a zamanina da ta cece ni.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Bangon waƙarka ya zama kai ne, ko wani abin da ya shafi waƙar, a ɗauke shi da kyamara mai kyau, ba wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya koma kamar an wanke shi da ruwa ba. Rubutun da ke kansa kada ya wuce sunanka da sunan waƙar, kuma su zama daidai da abin da aka cike a fom. Wanda ya ɗauki hoton ya rubuta maka cewa ya yarda ka yi amfani da shi, ko da abokinka ne, balle ma in abokinka ne. Kada wani ya zazzago maka hoton shanu daga intanet ya ce ai ba mai gani. In shanu kake so, kawunka yana da su a Batagarawa, ka aiko a ɗaukar maka. Na kuma san ranar tana zuwa da Tijjani zai dafa kafaɗarka ya ce, "Mu sa hotonmu tare mana, ko tambarin kamfani babba a tsakiya." Na san ka, za ka ji nauyinsa, don jinina ne a jikinka. To kada ka yi gardama da shi, ka ce kana tsoron kada a maido da bangon, ka ce a duba ƙa'ida tukuna. Ka fake da ita. Ni a lokacina ban samu abin fakewa ba, kuma ban nema ba.

Da muka gyara bango muka sake turawa, sai aka maido saboda suna. Ni ban taɓa zama na zaɓar wa kaina sunan da zan riƙa waƙa da shi ba. Duk wanda ya kira ni da wani suna amsawa nake yi. A bangon kaset ni ne Rabe na Alhaji Iro. Da aka sake bugawa a sidi na koma Rabe Ƙofar 'Yandaka. Masu tura waƙa a memori kuma suka laƙaba mani Rabe Jar Karsana. A cikin gari kowa ya san mutum ɗaya ne, amma na'ura mutum uku take gani. Mu kuma mun bar ɗaya a bango, mun rubuta wani a fom. Malamar ta ce, "Baba, sai ku zaɓi guda." Na zauna ina kallon silin, mutum da furfurarsa, an ce ya faɗi sunansa ya rasa wanda zai faɗa.

Kai ma na ga ka fara wannan hanya. Yau Bishir Rabe, gobe Bishir Katsina, a wata waƙar kuma na ji kana kiran kanka Yariman Samari, ban san wace masarauta ta naɗa ka ba. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Kafin ka tsaya ka bincika ko wani yana amfani da shi, don in kuka yi karo sai a zuba waƙoƙinka a shafin wani ƙato da ba ka taɓa gani ba, raba ku kuwa wahala ce. Kuma kada ka yarda a liƙa sunan kamfani ko na wani mutum a jikin naka. Ka yi biyayya a aikace, amma a rubuce kada ka zama na kowa. Gurbin sunan waƙa ma haka, sunan waƙar kawai ake sawa. Ba a ƙara "sabuwa fil" ko "zazzafa" ko shekara ko sunan wanda ya biya kuɗin situdiyo. Waɗannan maganganun 'yan talla ne, a bar su a baki.

Karo na uku ba a ce mu gyara komai ba. Cewa aka yi wannan sauti yana da mai shi, an riga an ɗora shi. Na ce wa malamar ƙarya ne, ga mai shi nan zaune a gabanki. Ta ce kowace waƙa da aka ɗora ana ba ta lambar shaida tata, kuma na'urar tana gane sauti ko da an canja masa suna. Ta yi 'yan danne-danne, sannan ta juyo mani da fuskar kwamfutar. Ga shi nan. Ashe waɗanda suka gaji kayan situdiyon Alhaji Iro sun daɗe da ɗora duk abin da suka iske a ciki. Kuma sun fi ni sanin ƙa'ida. Bangon kaset dogo ne, manhaja kuwa mai kusurwa huɗu daidai take so, ba ta son lambobin waya. Sai suka yanke sama, suka yanke ƙasa. Ni kuma a ƙasa nake, tare da lambobin waya. Abin da ya rage shi ne Alhaji Iro shi kaɗai yana murmushi, muryata tana fitowa daga ƙarƙashin hotonsa.

Wannan ya yi mani ciwo, amma ba shi ne ya kayar da ni ba. Malamar ta danna wurin da ake nuna waɗanda suka yi aikin waƙar. Mawaƙi, Rabe na Alhaji Iro. Wanda ya tsara waƙa, cikakken sunan Alhaji Iro har da na mahaifinsa. Ta dube ni ta ce, "Baba, in kuna da shaida ana iya kai ƙorafi. Ku kuka tsara ta, ko?" Na tattara kaset ɗina na yi mata godiya na fito.

Bishir, ba ni na tsara "Jar Karsana" ba. Innarka ce. Tana yarinya mahaifinta ya ba ta karsana ja, kamar yadda suke yi wa 'ya'yansu a ruga, ita ta rene ta da hannunta. Shekarar da aka kawo ta gidana ciwo ya shiga garkensu, karsanar ta mutu ba ta nan. Ba ta yi kuka a gabana ba, sai dai in tana dama fura in ji tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na yi ta kasa kunne har na haddace. Kalma biyu kawai na canja don su hau kiɗa, na kai situdiyo, ko sallama ban yi mata a kai ba.

Ranar da za a kai bango wurin bugawa, Alhaji Iro yana zaune da takarda da biro, ya ce, "Rabe, wa ya tsara wagga ta ukun?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, mai ɗakina ce."

Ya aje biro ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Matar aure? So kake a rubuta sunan iyalinka bisa kaset, 'yan tasha su riƙa karantawa suna kiran shi? Mi za ka ce ma surukanka in sun ji?"

Na ce, "To Alhaji, a bar wurin haka nan."

Ya ce, "Ba a barin gurbi ba kowa. Bari in sa nawa in ruhwa maka asiri. Kai dai ka yi waƙa, takarda ka bar mani."

Na yi masa godiya, Bishir. Har durƙusawa na yi.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina mutuncinta na kare. Akwai gaskiya a ciki, don a lokacin in an ga sunan matar aure a kaset sai an yi ta magana a unguwa. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Na san ba mai karanta ƙananan rubutun bayan kaset, na kuma san duk garin za a ce Rabe ne mai basira. Haka kuwa aka yi, ana tare ni a hanya ana cewa ina na samo waɗannan kalmomi, ni kuma in ce baiwa ce daga Allah. Daɗi nake ji. Mun samu wurin tsine wa mai kwafa a bangon nan, ba mu samu wurin sunanta ba, alhali ni ne na fara kwafa. Ranar da na kawo kaset ɗin gida ta karɓa, ta juya gaba, ta juya baya, ta ɗora shi a kan kwanuka ta ci gaba da aikinta. Daga ranar ban sake jin ta rera waƙar nan ba.

To ka ga abin da ya sa nake ta zargin Tijjani. A zamaninmu rubutun bayan kaset yana tsufa tare da kaset. Yanzu ba haka ba ne. Abin da aka cike a gurbin nan shi zai bi waƙar duk inda ta je, kuma ba mai iya gyara shi cikin sauƙi sai wanda ke riƙe da asusun. Don haka asusun ya zama da sunanka, da imel ɗinka, da lambar wayarka, lambar sirri kuma a kanka kaɗai. In ya ce dole ta asusun kamfaninsa za a saki, ka ce a ba ka yarjejeniyar ka tafi da ita ka karanta a nutse, ka nuna wa wanda ya san doka kuma ba ya cin abinci a hannun Tijjani. In ransa ya ɓaci don ka nemi karantawa, ka samu amsarka ke nan. Asalin sautin da aka ɗauka a situdiyo kada ka bar shi a kwamfutar wani kawai, ka riƙe naka, ka aiko da ɗaya gida. Ni ban taɓa riƙe nawa ba, ban ma san ana riƙewa ba.

Ranar cike fom ka ja kujera ka zauna kusa da mai cikewa, ka cire tabaran nan. Ka ga kowane gurbi da idonka. A wurin mawaƙi sunan da kake waƙa da shi ake sawa, amma a wurin wanda ya tsara baiti da wanda ya tsara kiɗa sunan yanka ake so, cikakke, ba laƙabi ba. Wanda ya haɗa maka kiɗa a sa shi a wurinsa. Yarinyar da ta yi maka amshi ita ma a rubuta ta, ka tambaye ta yadda take so a kira ta, kada ka yanke mata. Harshen waƙa ka tabbata an zaɓi Hausa, kada wani malalaci ya bar shi a kan abin da ya iske. In an ce maka, "Mu saki tukuna, daga baya a gyara," ka miƙe tsaye ka ce ba ka yarda ba. Ni na ga yadda daga baya take, a kan benci na gan ta.

Za su zo maka da dabaru, ina jin su tun daga nan. Wani zai ce ai waƙar gargajiya ce, ba ta da mai ita, a rubuta gargajiya a wuce. Ƙarya ne. "Tashin Ruga" tana da mai ita, tana nan da ranta, yanzu haka ina jin motsinta a tsakar gida. Wani zai ce sunan tsohuwa ba ya jawo masu saurare, a sa naka ai duk gida ɗaya ne. Wannan ita ce mai haɗari, don za ta yi maka daɗi a kunne. Wani kuma zai taɓo maka kunya, ya ce yaya za ka baza sunan mahaifiyarka a duniya. Ranar da ka ji zuciyarka ta fara cewa ai da gaskiyarsu, ka bar zargin Tijjani ka koma zargin kanka.

Ina cikin shirya wannan takarda sai na ga zan sake yin irin ta da. Zan umarce ka ka sa sunanta, alhali ban tambaye ta ba. Jiya bayan la'asar, ka fita yin sallama da abokanka, na iske ta tana soya maka naman guzuri. Na jawo kujera na zauna, abin da ban saba ba, har ta dube ni ta ce lafiya. Na kwashe komai na gaya mata, da shagon kwamfuta, da hoton da aka yanke, da sunan da na gani a gurbinta. Ba ta daina juya nama ba. Da na gama na ce, "To yanzu ga ta Bishir. Kina so a rubuta sunanki, ko kina ganin a bari?"

Ta sake juya naman. Sannan ta ce, "Malam, sai yau ka tuna ana tambaya?"



Ta ce, "Kana tsammanin ban sani ba? Washegarin da ka kawo kaset ɗin na kai ma maƙwabciyarmu mai karatun boko, na ce ta karanta mani gaba da baya, kada ta tsallake komi. Ta karanta. Na ce ta sake. Ta sake. Na amshi abuna na dawo gida na ɗora maka tuwo."

Wallahi, Bishir, da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Shekara ashirin da wani abu muna ɗaki ɗaya, ina ɗauka na ɓoye mata abu, ashe ita ke ɓoye mani cewa ta sani.

Ta sauke kasko ta ce, "Ina so a rubuta. Ka hwaɗa mashi ya sa Zulaihatu Mamman Batagarawa. Sunan ubana, wanda ya ba ni karsana. Ba ni son a sa naka bayan nawa."

Na ce an gama.

Ta ce, "Ba a gama ba. Kahin ya danna komi, ya ɗauki hoton wurin ya turo mani in gani da idona. Ko ban iya karatun komi ba, na san sunana in na gan shi. Kuma a wayata zai turo, ba a taka ba."

Na yi ƙarfin hali na yi 'yar dariya na ce, "Wato ba ki yarda da ni ba ke nan."

Ta dube ni, ba faɗa, ba ɗaga murya, ta ce, "Na yarda da kai sau ɗaya, Malam."

To ga shi nan na rubuta maka yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na cika takarda ina nuna maka waɗanda za ka yi hattara da su, ashe a gidan nan ni ne wanda ake hattara da shi, kuma ba a zalunce ni ba. Waƙarta ta farko ta tafi, ba ni da shaidar da zan dawo mata da ita. Wannan tana hannunka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a inda kake kwana da inda kake aiki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka idon gane waɗanda ba na kirki ba. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka rage yawo. Allah Ya maido mana da kai lafiya, da mutuncinka da sunanka. Amin summa amin.

Hoton kuwa ka tura mata kai tsaye. Ni zan jira ta nuna mani, in ta ga dama.

Wassalam.

Mahaifinka,
Rabe.